Sanannun Cututtukan Karnuka da Kyanwoyi: Bayani Domin Ɗaliban Aikin Lafiyar Dabbobi

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a shekarar 1924, galibin horon da ake ba malaman dabbobi a Nijeriya ya fi karkata ga shanu da awaki da tumaki da kaji, domin su ne dukiya. Kare da kyanwa sai a bar su a ƙarshen manhaja. Amma kuwa waɗannan dabbobi biyu sun fi kowace dabba kusantar mutum. Mafarauci da makiyayi da mai gadi duk sun dogara ga kare, kyanwa kuwa har shimfiɗar yara take hawa. Saboda wannan kusanci, cutar da ta kama su takan yi saurin ƙetarowa zuwa ga mutanen gida.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fito wa ɗalibi mai koyon aikin taimaka wa likitan dabbobi da cututtukan da zai fi cin karo da su a asibiti. Za a yi bayanin musabbabin kowace cuta da alamunta da abin da ake yi mata, sannan a nuna waɗanda ke kama mutum. Tabbatar da cuta da rubuta magani haƙƙin likita ne. Sai dai a yawancin garuruwanmu mataimakin ne ake fara iskewa, kuma abin da ya lura da shi a mintuna goman farko yakan zama dalilin rayuwar dabba ko mutuwarta.

2.0 Duba Dabba Kafin Neman Sunan Cuta

Kafin a taɓa dabba, a fara da tambayar mai ita: shekarunta nawa, yaushe ta daina cin abinci, an yi mata rigakafi, tana yawo ko a ɗaure take, ta ciji wani, kuma wane magani aka riga aka ba ta a gida? Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, domin da wuya a kawo dabba asibiti ba a gwada mata wani abu ba tukuna. Bayan haka sai a sa wa kare takunkumi, a naɗe kyanwa cikin tawul, a auna waɗannan abubuwa:

(a) Zafin jiki, ta dubura. Na kare da kyanwa masu lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyas.

(b) Bugun zuciya. Na babban kare yana tsakanin 60 da 140 a minti, na ƙananan karnuka da 'yan kwikwiyo ya fi haka sauri, na kyanwa kuwa daga 140 zuwa 220.

(c) Launin dasashi. Ja mai haske alamar lafiya ce, fari ƙarancin jini ne, rawaya shawara ce, shuɗi-shuɗi kuwa ƙarancin iska ne a jini. Idan aka danna dasashin da yatsa, ya kamata launinsa ya dawo kafin daƙiƙa 2.

(d) Ruwan jiki. A ɗaga fatar kafaɗa a sake ta. Idan ta tsaya ba ta koma ba, ga idanu sun faɗa, ga baki a bushe, to dabbar ta rasa ruwa mai yawa.

(e) Kaluluwa ta ƙarƙashin muƙamuƙi da ta gaban kafaɗa da ta bayan gwiwa, sannan kunnuwa da tsakanin yatsu inda kaska ke ɓuya.

A rubuta duk abin da aka samu tare da nauyin dabbar, domin da nauyi ake lissafin kowane magani.

3.0 Cututtukan Karnuka

3.1 Haukan Kare

Wannan ita ce cutar da ta wajaba ɗalibi ya fi sani, domin kuskure a kanta ran mutum yake ci. Ƙwayar bairus ce ke kawo ta. Tana fita cikin yawun dabba mai ɗauke da ita, ta shiga ta wurin cizo ko yakushi, sannan ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ga laka da ƙwaƙwalwa. Tsawon wannan tafiya shi ke sa alamu su yi jinkiri. A jikin mutum galibi wata 2 zuwa 3 ne, amma yana iya zama mako ɗaya ko shekara guda. Cizon fuska da wuya ya fi haɗari saboda kusancinsu da ƙwaƙwalwa, kuma nan ne kare ya fi cizon ƙananan yara. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da ita ta nuna cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kare ne sanadin kusan kashi 99 cikin ɗari.

A jikin kare cutar tana da fuska biyu. Akwai mai fushi, inda kare zai sauya hali, ya bar gida, ya riƙa cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse, muryarsa ta dishe. Akwai kuma mai shiru, inda muƙamuƙin ƙasa zai saki, yawu ya riƙa dalala, kare ya kasa haɗiya. Wannan ta biyu ita ta fi cutar da ma'aikata, domin mai kare yakan zo ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, shi kuwa ma'aikaci ya zura hannu don ya ciro. Saboda haka kada a taɓa buɗe bakin kare mai dalalar yawu da hannu tsirara. Tsoron ruwa da aka san cutar da shi alama ce ta mutum, kare ba ya nuna ta. Da zarar alamu sun bayyana, ko ga mutum ko ga dabba, to kusan babu mai tsira.

Idan aka zo da labarin cizo, matakan su ne kamar haka. Na farko, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, sannan a shafa aidin. Kada a ɗaure shi da tsumma, kada a cusa masa gashin karen ko garin magani kamar yadda ake yi a wasu wurare. Na biyu, a tura mutumin asibiti a ranar domin a fara masa allura; tsarin da hukumar ta amince da shi a 2018 ya haɗa da allurar cikin fata a ranar farko da ta 3 da ta 7, kuma idan cizon ya huda fata akan ƙara da ruwan garkuwa da ake tsirawa a kewayen raunin. Na uku, a tsare karen har kwana 10. Dalili shi ne, karen da ke fitar da ƙwayar a yawunsa ranar da ya yi cizo zai nuna alamu ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. Amma ba a jinkirta allurar mutum don jiran sakamakon tsarewar. Na huɗu, idan karen ya mutu ko an kashe shi, a kiyaye kansa kada a farfasa, a sa shi cikin sanyin ƙanƙara a aika ɗakin bincike irin na Vom, inda ake neman ƙwayar a ƙwaƙwalwa.

Louis Pasteur ne ya fara yi wa mutum allurar wannan cuta a Faransa a watan Yuli na 1885, kuma ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita ake tunawa da cutar a duniya tun 2007. Binciken masana ya tabbatar da cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa, kuma a kan wannan aka gina burin kawar da mutuwar mutane ta sanadin cizon kare kafin 2030. Ya kamata kuma ɗalibin Nijeriya ya san cewa an gano dangin wannan ƙwaya guda biyu a ƙasarsa: ɗaya a jikin jemage a Legas a 1956, ɗaya kuma a jikin jaɓa a unguwar Mokola ta Ibadan a 1968. Allurar haukan kare da aka saba ba ta karewa daga ta Mokola. Shi ma ɗalibin, da masu fataucin karnuka da masu fiɗarsu, sun cancanci allurar kariya tun kafin a cije su.

3.2 Gudawar Jini ta 'Yan Kwikwiyo

Ana kiran ƙwayar da ke kawo ta fabo. Sabuwar cuta ce idan aka kwatanta da sauran, domin a 1978 ta ɓulla, ta game duniya cikin ɗan lokaci. Ta fi kama 'yan kwikwiyo daga mako 6 zuwa wata 6. Tana fita cikin kashi, kuma tana da taurin rai ƙwarai, don takan yi watanni a ƙasa da ranta, a kuma ɗauke ta a takalmi ko kwanon abinci zuwa wani gida. Wuraren da take kai wa hari su ne inda ƙwayoyin jiki ke saurin hayayyafa, wato bangon hanji da ɓargo. Wannan ya bayyana alamunta: hanji ya saɓule, sai amai da gudawa mai jini da wari mai tsanani; ɓargo ya kasa samar da fararen ƙwayoyin jini, sai bakteriyar hanji su kutsa cikin jini ba mai tare su.

Abin da ke kashe ɗan kwikwiyo shi ne rashin ruwa da guba a jini, don haka jinya ita ce ginshiƙin magani, kuma a hannun mataimaki take. Lissafin ruwan da aka rasa mai sauƙi ne. Alal misali, kare mai kilo 10 da aka ƙiyasta ya rasa kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa yana bukatar mililita 800, ban da abin da jiki ke bukata kullum, kimanin mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo, da kuma abin da yake ci gaba da zubarwa. Likita zai haɗa da maganin tsayar da amai da na kashe bakteriya. A keɓe marar lafiya, a wanke ɗaki da ruwan bilic, awo 1 cikin awo 30 na ruwa, bayan an kwashe ƙazanta, domin galibin magungunan wanke ɗaki ba su kashe wannan ƙwaya.

Masu karnuka sukan ce an yi wa ɗan kwikwiyonsu allura amma ya kamu. Bayanin yana cikin dakashi. Garkuwar da ɗa ya sha daga uwarsa tana kare shi a makonnin farko, amma kuma tana kashe ƙarfin allura. Yayin da take raguwa, akan sami wani ɗan lokaci da ba ta isa ta kare shi ba, alhali tana iya hana allura aiki. Shi ya sa ake maimaita allurar har ya kai mako 16.

3.3 Distemfa

Henri Carré ne ya nuna a 1905 cewa bairus ke kawo ta. 'Yar'uwar ƙyanda ce, da kuma bushiya wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Ta iska take yaɗuwa. Takan fara da zazzaɓi da ke sauka ya sake tashi, sai kwantsa da majina mai kauri, da tari, da gudawa. Bayan makonni, a lokacin da ake zaton kare ya warke, sai alamun ƙwaƙwalwa su bayyana: wata tsoka ta riƙa fizga ba tsayawa ko cikin barci, baki ya riƙa motsi kamar mai tauna, ko kare ya faɗi yana shure-shure. Tafin ƙafa da hanci kan yi kanta. A nan ake rikita ta da haukan kare, kuma idan aka yi shakka, a ɗauka haukan ne har sai an tabbatar. Ba ta da maganin da ke kashe ta, sai jinya. Ba ta tsaya ga kare kaɗai ba, domin a 1994 ta kashe kusan sulusin zakunan dajin Serengeti na Tanzaniya.

3.4 Ciwon Hanta da Cutar Fitsarin Ɓera

Ciwon hanta mai yaɗuwa bairus ne, yana kawo zazzaɓi da ciwon ciki, kuma a lokacin warkewa idon wasu karnuka kan yi hazo mai shuɗi. Cutar fitsarin ɓera kuwa, wadda ake kira leftosifairosis, bakteriya ce da ke zama a ruwan da ya kwanta, don haka ta fi yawa da damina da bayan ambaliya. Tana lalata ƙoda da hanta, ta kawo shawara. Tana kama mutum, saboda haka ba a taɓa fitsarin irin wannan kare sai da safar hannu.

3.5 Cututtukan Kaska da Tsando

A ƙasa mai zafi irin tamu, duk karen da aka kawo da zazzaɓi da farin dasashi, to a fara zargin kaska. Jar kaskar kare tana zama ne a tsagogin bango da ƙasan ɗaki, inda mace ɗaya ke saka dubban ƙwai, don haka wanke kare kaɗai ba ya raba shi da ita sai an yi wa makwancinsa feshi. Manyan cututtukan da kaska ke ɗauka biyu ne. Babesiya tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, kamar yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke yi wa mutum. Sai fitsari ya yi ja ko ya yi duhu, saifa ta kumbura. Ana ganinta idan aka ɗebi jini daga gefen kunne, aka shafa a gilashi, aka rina, aka duba a madubin likita. Erlikiya kuwa, wadda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935, fararen ƙwayoyi take shiga, ta kuma rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Alamarta haɓo da ɗigon jini a dasashi da fatar ciki. Ta fi tsanani ga karnukan Alseshiya, kuma ta hallaka karnukan sojan Amurka da dama a yaƙin Biyetnam. Maganinta doksisaikilin ne, miligiram 10 a kowane kilo kullum har kwana 28. A yankunan da ke da ƙudan tsando, musamman kudu da tsakiyar ƙasa, kare yana kamuwa da sammore, mai kawo rama da kumburin kaluluwa da hazon ido.

A nan akwai gargaɗi. Diminazin, wanda aka fi sani da Berenil, yana maganin babesiya da sammore, amma tazarar da ke tsakanin awon da ke warkar da kare da wanda ke lalata masa ƙwaƙwalwa ƙanƙanuwa ce. Awonsa miligiram 3.5 ne a kowane kilo. Ƙaramin ƙunshin da ake sayarwa an yi shi ne domin saniya mai kilo 300, wato ke nan kare mai kilo 15 kashi 1 cikin 20 na ƙunshin kawai yake bukata. Duk wanda ya yi wannan allura da ƙiyasin ido, ko ya maimaita ta washegari, yana iya kashe karen da ya zo ceto.

3.6 Tsutsotsin Ciki da Cututtukan Fata

Yawancin 'yan kwikwiyo da macijin ciki ake haihuwarsu, domin tsutsar tana ratsawa daga uwa tun suna ciki. Alamarta ƙaton tumbi da rashin girma. Tsutsa mai ƙugiya jini take sha, ta mai da kashi baƙi kamar kwalta, kuma tana iya kashe ɗan kwikwiyo da ƙarancin jini. Saboda haka ake ba su maganin tsutsa a mako na 2 da na 4 da na 6 da na 8, tare da uwar. Ƙwan macijin ciki yana nuna a ƙasa bayan makonni, kuma idan yaro ya haɗiye shi tsutsar kan yi yawo a jikinsa, wani lokaci har ta ɓata masa ido. Tsila iri biyu ce abin lura: wadda ake samu ta haɗiye ƙuma, da wata 'yar ƙarama da kare ke samu idan aka jefa masa hanta ko huhu mai ƙullutun ruwa a mayanka. Ƙwan wannan ta biyu yana haifar da irin wannan ƙullutu a hantar mutum.

A fata kuwa akwai ƙazuwar kare mai tsananin ƙaiƙayi a gefen kunne da gwiwar hannu, wadda ke taɓa mutum na ɗan lokaci, da wata mai zubar da gashi a fuska ba ƙaiƙayi sosai. Ana bambance su ta hanyar kankare fata a duba a madubi. Makero ma yana yaɗuwa daga kare da kyanwa zuwa yara. Akwai kuma ƙudan tumbu da ke saka ƙwai a yashin da aka yi wa fitsari. Tsutsarsa tana huda fata ta zauna cikin maruru mai ɗan rami. Idan aka toshe ramin da man basilin, takan leƙo, sai a matse ta a hankali.

3.7 Ƙarin Al'aura

Wannan ƙari ne mai kama da tsiro, mai zubar da jini, da ke fitowa a al'aurar kare ko karya masu yawo. Abin mamaki game da shi shi ne, ƙwayoyin ƙarin da kansu ne ke tsallakawa daga dabba zuwa dabba wurin barbara, kamar yadda wani likitan dabbobi na Rasha mai suna Novinsky ya nuna a 1876. Allurar binkiristin ta jijiya, sau ɗaya a mako, tana warkar da mafi yawansu cikin makonni kaɗan. Idan maganin ya zuba a wajen jijiya yana ƙona nama.

4.0 Cututtukan Kyanwoyi

Kyanwa tana ɓoye ciwo fiye da kare, don haka galibi ba a kawo ta sai abin ya yi nisa. Ita ma tana kamuwa da haukan kare, kuma duk abin da aka faɗa a sashe na 3.1 ya shafe ta.

4.1 Gudawar Kyanwa da Mura

Ƙwayar da ke kawo gudawa mai kashe fararen ƙwayoyin jini a kyanwa 'yar'uwar fabon kare ce ta kusa, kuma alamu da jinya duk ɗaya ne. Idan ta kama mai ciki, akan haifi 'ya'ya masu tangaɗi da rawar kai. Murar kyanwa kuwa bairus biyu ne suka fi kawo ta, ɗaya mai taɓa ido, ɗaya mai fito da gyambo a harshe. Kyanwar da hancinta ya toshe ba ta jin ƙanshi, wadda ba ta jin ƙanshi kuwa ba ta cin abinci, kuma kwanaki kaɗan na yunwa kan sa kitse ya taru a hantarta. Saboda haka share hanci da ɗumama abinci mai ƙanshi, kamar kifi, suna cikin magani.

4.2 Cututtukan da ke Karya Garkuwa

An gano bairus mai kawo sankarar jini a kyanwa a Gilasgo a 1964; yana yaɗuwa ta yawu tsakanin masu lasar juna da masu cin abinci a kwano ɗaya. An gano mai karya garkuwa a Kalifoniya a 1986. Shi kuma ta cizo yake bi, don haka ya fi yawa ga muzurai masu faɗa, kuma dandaƙa tana rage shi. Dangin ƙanjamau ne, amma ba ya kama mutum, kuma wajibi ne a tabbatar wa masu kyanwa da haka. Akwai kuma cutar da ke tara ruwa mai rawaya a ciki ko ƙirji, wadda a da ba a tsira daga gare ta. Tun 2019 an nuna cewa maganin GS-441524 na tsawon mako 12 yana warkar da mafi yawa.

4.3 Toksofilasma

Haɗarin wannan cuta ga mace mai ciki ne, domin tana iya kawo ɓari ko ta lalata ido da ƙwaƙwalwar jariri. Kyanwa tana fitar da ƙwan ƙwayar a kashinta na mako 1 zuwa 3 bayan ta kamu, kuma ƙwan ba ya zama haɗari sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Wato ke nan kwashe kashin kullum yana rage haɗari, amma wani ya yi, ba mai cikin ba. Naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba su ma manyan hanyoyi ne, don haka korar kyanwa daga gida ba ta wadatar.

4.4 Toshewar Fitsari

Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, tsakuwa ko majina kan toshe ta. Za a gan shi yana yawan tsugunawa yana kuka ba abin da ke fita, masu shi su zaci kashi ne ya ƙi. Idan aka shafa cikinsa za a ji mafitsara ta yi tauri kamar lemo. Kada a matsa ta da ƙarfi, tana iya fashewa. A kira likita nan take, domin cikin kwana 2 zuwa 3 gubar da ta taru a jini kan tsayar da zuciya.

5.0 Magungunan da ke Zama Guba

Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Alamun su ne dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Maganin kaska na kare mai ɗauke da fametirin yana sa kyanwa jijjiga. Aibufurofen da daikulofenak suna huda cikin kare. Wasu kan wanke kare da fiya-fiya don kashe kaska, sai ya dawo da dalala da ƙanƙancewar ƙwayar ido da rawar jiki. A wanke shi da sabulu nan da nan, likita ya yi masa aturofin. Shafa baƙin mai ga mai ƙazuwa ƙona fata kawai yake yi. Maganin ɓera mai hana jini daskarewa ba ya nuna alama sai bayan kwanaki, makarinsa kuwa bitamin K1 ne.

6.0 Tsarin Rigakafi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ana fara wa ɗan kwikwiyo haɗaɗɗiyar allurar fabo da distemfa da ciwon hanta daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16, sannan a ƙara wata tsakanin wata 6 da shekara ɗaya. Haka tsarin yake ga 'yar kyanwa game da gudawa da mura. Allurar haukan kare daga wata 3 ake yinta, kuma a Nijeriya an saba sabunta ta kowace shekara. Ana ajiye allurai cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da su, kuma wadda aka dama ba ta kwana. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, duba ma'aunin firiji safe da yamma aikin mataimaki ne, domin allurar da zafi ya kashe ta fi rashinta illa, tun da mai dabba zai tafi da takardar shaida yana zaton an kare shi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta kawo cututtukan da suka fi addabar karnuka da kyanwoyi, ta nuna cewa da yawa daga cikinsu, kamar haukan kare da cutar fitsarin ɓera da tsutsotsi da makero da toksofilasma, suna kama mutum. An kuma ga cewa manyan masu kisa daga cikinsu suna da allurar rigakafi, kuma wani kaso na mace-macen dabbobi daga maganin da aka ba su ba bisa ƙa'ida ba yake fitowa. Abin da ake bukata daga ɗalibi shi ne ya iya aunawa da rubutawa, ya san iyakar aikinsa, ya kuma iya yi wa mai dabba bayani da harshen da yake ji. Uwar da aka gaya wa da Hausa cewa ta wanke cizon da aka yi wa ɗanta da sabulu na minti 15, ta kuma kai shi asibiti a ranar, za ta fi riƙe maganar fiye da wadda aka miƙa wa takarda da Turanci.